Lokacin da Baƙar Fata Ya Fara Kai Ƙarshen Fim da Ransa

Da Melvin Van Peebles, darakta baƙar fata, ya gama fim ɗinsa a 1971, gidajen silima biyu kacal ne a duk faɗin Amurka suka yarda su haska shi, ɗaya a Detroit, ɗaya a Atlanta. Sunan fim ɗin dogo ne, shi ya sa kowa ke ce masa Sweetback kawai. Cikin kwana 19 aka ɗauke shi, kuɗi suka yanke ana tsakiyar aiki har sai da ɗan wasan barkwanci Bill Cosby ya ranta masa dala 50,000. Hukumar da ke tantance finafinai ta manna masa harafin X, alamar da aka fi sanin finafinan batsa da ita, wadda ke sa jaridu da yawa su ƙi karɓar tallar fim. Van Peebles bai je neman afuwa ba. Ɗaukar hukuncin ya yi ya buga a jikin fasta, yana shaida wa jama'a cewa alƙalan da suka yanke shi dukkansu farare ne. Jama'a suka yi ta tururuwa, fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 10.

Labarin kansa bai taka kara ya karya ba. Wani mutum ne da ya tashi a gidan karuwai a Los Angeles, wata rana yana hannun 'yan sanda biyu farare sai ya ga suna jibgar wani matashi baƙar fata ɗan gwagwarmaya. Ya yi kallo har zuciyarsa ta kawo wuya, sai ya rufe su da duka da ankwar da ke hannunsa. Daga nan har ƙarshen fim gudu yake yi, ta lunguna, ta hanyar jirgin ƙasa, ta hamada, 'yan sanda da karnuka na biye da shi, har ya tsallaka iyakar Meziko. Shi ke nan. Ba a kama shi ba, ba a kashe shi ba, bai tuba ba. A wurina wannan tsallake iyaka shi ne mabuɗin duk rigimar da aka shafe shekaru ana yi tsakanin masu sharhi da 'yan kallo a kan rukunin finafinai masu baƙaƙen jarumai da suka biyo bayansa, waɗanda ake kira Blaxploitation, kuma duk wanda bai fahimci nauyinsa ba zai ɗauka mutanen da suka cika silimomin nan ba su san abin da suke yi ba.

Sai mutum ya tuna abin da baƙar fatan Amurka ya saba gani idan ya biya kuɗin tikiti. Shekara da shekaru, idan ɗan'uwansa ya bayyana a allo, to boyi ne, ko kuku, ko wawan da ke zare ido don a yi dariya. Hattie McDaniel ta ci lambar Oscar a 1940 a matsayin baiwar gida, kuma a daren bikin ba a zaunar da ita tebur ɗaya da abokan aikinta farare ba. Daga baya Sidney Poitier ya zo da kwarjini da tsabta da iya magana, ya ci Oscar a 1964, kuma a 1967 yana cikin 'yan wasan da suka fi kowa kawo kuɗi. Ina ganin girman Poitier ƙwarai, amma na gane dalilin da ya sa matasa suka fara gajiya da irin mutumin da ake ba shi ya taka: mai haƙuri, mai taimakon Bature ya gyara halinsa, wanda sai ya fi kowa nagarta kafin a yarda ya zauna a falo. A waje kuwa an kashe Malcolm X a 1965, unguwar Watts ta Los Angeles ta kama da wutar tarzoma a shekarar, Detroit da Newark suka biyo baya a 1967, aka harbe Martin Luther King a 1968, sannan a Disambar 1969 'yan sandan Chicago suka kashe ɗan gwagwarmaya Fred Hampton a kan gadonsa yana ɗan shekara 21. Yaron da ya girma yana ganin duk wanda ya ɗaga kai sai an kwantar da shi, yau ga shi zaune cikin duhu yana kallon wani ya daki ɗan sanda kuma ya sha. Wa zai ce masa kada ya yi ihu?

Mutum biyu ne suka fara kafa tutar muhawarar, kuma dukkansu baƙaƙe ne, dukkansu masu kishin al'ummarsu. Huey Newton, jagoran ƙungiyar gwagwarmayar baƙaƙe ta Black Panther, ya ware fitowar jaridar ƙungiyar ta watan Yunin 1971 ga fim ɗin, ya kira shi fim na juyin juya hali na farko da baƙar fata ya yi, aka kuma umarci 'yan ƙungiya su je su kalla. Bayan wata uku masanin tarihi Lerone Bennett ya mayar da martani a mujallar Ebony. Hujjarsa ita ce, fim ɗin ya ɗauki tsohuwar ƙaryar da Turawa suka daɗe suna yi wa baƙin namiji, cewa ba shi da wata baiwa sai ta shimfiɗa, ya wanke ta ya miƙa wa baƙaƙe a matsayin abin alfahari. Jarumin kusan ba ya magana, ba shi da tsari, ba shi da jama'a, duk inda ya shiga tsaka mai wuya da jikinsa yake fansar kansa a wajen mace. Bennett ya ce babu al'ummar da ta taɓa samun 'yanci ta wannan hanya, kuma mayar da talauci da gidan karuwai abin sha'awa cin amanar waɗanda ke rayuwa a ciki ne.

Na daɗe ina juya maganganun mutanen nan biyu, kuma inda na tsaya shi ne Newton ya karanta zuciyar 'yan kallo daidai, Bennett ya karanta fim ɗin daidai. Akwai wani wuri a farkon fim ɗin da ba zan iya kare shi ba ko da wane irin bayani aka kawo mini: Van Peebles ya sa ɗansa Mario, yana ɗan shekara 13, a fitowar kwanciya da babbar mace. Ko a wancan zamani wannan zalunci ne ga yaro, kuma yana ba ni takaici yadda masu yabon fim ɗin a yau ke bi ta kansa da sauri kamar ba su gani ba. Amma kuma ba zan yarda a ce dubban mutanen da suka yi layi a Detroit batsa ta kai su ba. Batsa tana nan a wasu silimomin da arha. Abin da babu shi a ko'ina shi ne wannan gudu da ya ƙare da tsira.

Manyan kamfanonin Hollywood ba su damu da Newton ko Bennett ba, lissafi suka duba. A lokacin suna cikin mawuyacin hali. Bayan yaƙin duniya na biyu fiye da mutum miliyan 80 ke shiga silima duk mako a Amurka, zuwa 1971 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 20. Talabijin ya cinye kasuwa, manyan finafinan kiɗa da rawa da aka zuba wa dukiya sun yi ta faɗuwa, sannan fararen fata masu hali sun tattara sun koma sababbin unguwannin bayan gari, suka bar manyan gidajen silima na tsakiyar birni da kujeru dubbai babu masu zama. Waɗanda suka rage kusa da gidajen nan baƙaƙe ne. A 1968 kuma aka soke tsohuwar dokar tace finafinai da ta hana nuna tsiraici da zubar da jini da mai laifi ya ci riba. Komai ya haɗu: ga kujeru, ga masu jin ƙishirwa, ga ƙofa a buɗe.

Kamfanin MGM, da ke gab da durƙushewa, ya fitar da Shaft a tsakiyar 1971. Daraktan shi ne Gordon Parks, shahararren mai ɗaukar hoto na mujallar Life, jarumin kuma Richard Roundtree, a matsayin mai binciken sirri mai zaman kansa da ke ratsa titunan New York cikin doguwar rigar fata, yana tsallaka titi ba ya jiran mota ta tsaya masa. Kuɗin da aka kashe bai fi dala miliyan ɗaya da 'yan kai ba, ya dawo da kusan miliyan 12. Isaac Hayes ya ci Oscar a 1972 da waƙar fim ɗin, baƙar fata na farko da ya ci a wannan fanni. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda jarida ɗaya, New York Times, ta buga ra'ayi biyu masu karo da juna. Vincent Canby, Bature, ya ji daɗin fim ɗin, ya ce irin wanda mutum zai kalla daren Asabar ne ya huta. Clayton Riley, baƙar fata, ya yi kaca-kaca da shi, yana ganin tsohon labarin ɗan leƙen asirin Turawa ne aka shafa wa baƙin fenti. Wato Baturen da ba shi da abin asara ya ga nishaɗi, shi kuwa wanda hoton al'ummarsa ke kan allo ya kasa sakin jiki. Ba na zargin Riley. Idan a shekara finafinai biyu ko uku ne kawai ke nuna mutanenka, kowanne sai ya zama kamar shaida a kotu.

Inda wuta ta kama sosai shi ne watan Agustan 1972, da fitowar Super Fly. Gordon Parks ƙarami, ɗan wancan, shi ya ba da umarni. Wasu likitocin haƙori biyu baƙaƙe na cikin waɗanda suka zuba jarin farko, furodusan Bature ne, Warner Bros. kuma ya rarraba. Ron O'Neal, gogaggen ɗan wasan dandamali, ya fito a matsayin Priest, dillalin hodar iblis a Harlem, unguwar baƙaƙe a New York, da ke son ya yi ciniki ɗaya babba na ƙarshe ya fita daga harkar. Masu hana shi fita ba abokan gaba na kan titi ba ne, manyan 'yan sanda ne farare waɗanda su ne ainihin masu kayan. A ƙarshe ya yi musu wayo ya tafi da kuɗinsa. Fim ɗin da bai ci rabin miliyan ba har ya taɓa ture The Godfather daga saman jerin ciniki na ɗan lokaci.

Idan ka saurari abin da ake faɗa a fim ɗin, labarin mutum ne da ya gane sana'arsa kabari ce yake neman hanyar fita. Idan kuwa ka bi abin da ido ke gani, ga doguwar mota Cadillac mai sheƙi, ga riguna har ƙasa, ga hula mai faɗi, ga gashi a kwance har kafaɗa, ga ɗan cokalin shaƙar hoda rataye a wuya kamar laya, ga mata. A tsakiyar fim akwai jerin hotuna na mutane iri-iri suna shaƙa suna murmushi, babu ko ɗaya da aka nuna ya lalace. Ido kuma ya fi kunne saurin ɗauka, musamman idon ɗan shekara goma sha biyar. Ba da jimawa ba aka fara ganin shigar Priest a titunan Chicago da New York da makarantun sakandare, har da cokalin a wuya. Iyaye da malamai da limaman coci da suka tayar da jijiyar wuya ba almara suke yi ba, a unguwanninsu ƙwaya ke kashe yara, a daidai lokacin da sojoji ke dawowa daga Biyetnam da jarabar hiroyin a jikinsu.

Mafi kyawun sharhin da aka yi wa Super Fly kuwa yana cikin fim ɗin kansa, a bakin Curtis Mayfield. Shi aka ba aikin waƙoƙi, kuma maimakon ya yi wa dillali kirari, sai ya riƙa bin hoton yana warware shi. Akwai wani ɗan aike mai suna Freddie da mota ta buge ya mutu, fim ɗin ya wuce shi cikin 'yan daƙiƙu kamar ba rai ba ne ya salwanta. Mayfield ya tsaya ya yi masa waƙa guda, yana tambayar yadda aka yi amfani da shi aka yar. A wata waƙar ya ari bakin dillalin ya nuna yadda yake zame wa mai shaye-shaye uwa da uba da likita, har ya mallake shi. Da siririyar muryarsa mai taushi yake faɗar wannan, ba tsawa, ba wa'azi. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. Wannan yana gaya mini wani abu game da 'yan kallon da ake cewa an yaudare su: mutanen da suka sayi tikiti su ne suka sayi faifan, suka kai shi gida suka yi ta juyawa. Sun ji gargaɗin, sun kuma so shi. Mutum yana iya sha'awar motar Priest kuma ya yi kukan Freddie a dare ɗaya, ban ga saɓani a nan ba.

A wannan watan ne Junius Griffin, shugaban reshen Hollywood na ƙungiyar NAACP, ya laƙaba wa finafinan sunan da ya bi su har yau, Blaxploitation, wato ci da gumin baƙaƙe. Ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙe, NAACP da CORE da SCLC, suka haɗa gamayya don yaƙar su, har da shirin kafa tasu hanyar auna finafinai. Jesse Jackson ya yi barazanar kiran ƙauracewa. Mujallar Newsweek ta sa batun a bangonta a Oktoban 1972, tana tambayar ko farfaɗowa ce ko damfara. A 1974 Alvin Poussaint, likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar Harvard, ya rubuta cewa finafinan suna koya wa matasa cewa kawali da dillali su ne gwaraza, kuma suna ba su nasarar ƙarya a allo wadda ke rage musu zafin neman ta gaske. Cicely Tyson ta gwammace ta zauna ba aiki da ta karɓi irin waɗannan rawar. Ita da Paul Winfield da Diana Ross duk sun shiga takarar Oscar da finafinan 1972 masu natsuwa, abin da masu suka ke nunawa su ce ga shi ana iya yin na mutunci.

'Yan wasan ba su yi shiru ba. Fred Williamson ya shafe shekaru yana maimaita tambaya ɗaya: wa aka ci da gumi? Shi an biya shi, ma'aikata sun samu aiki, 'yan kallo sun samu abin da suka zo nema. Ron O'Neal ya yi ta bayani cewa fim ɗinsa labarin fita ne daga harkar ƙwaya. Suna da gaskiya ta wani ɓangare, domin a waɗannan shekaru ne baƙaƙe da dama suka fara samun shiga ƙungiyoyin ma'aikatan fim a matsayin masu kyamara, masu kwalliya, masu faɗa da tsalle-tsalle. Amma amsar Williamson ta tsallake wani abu. Yawancin finafinan da suka biyo baya, waɗanda aka riƙa fitarwa kamar ana toya waina, Turawa ne suka rubuta, suka ba da umarni, suka mallaka. Kamfani irin su American International Pictures, da ya saba yin finafinan dodanni da na 'yan babur don matasa, bai shigo don kishin kowa ba. Ɗan wasa ya karɓi ladansa sau ɗaya, ribar shekaru ta tafi wani wuri, zagin kuma ya sauka a kan fuskar da aka gani a fasta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Babban abin da nake riƙe da shi a kan masu sukar nan shi ne ƙarfinsu ya fi sauka a kan 'yan wasa da 'yan kallo, alhali matsalar tana wajen wanda ke riƙe da jakar kuɗi.

Wannan rigima ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san tarihin silima a Kano. A shekarun nan dai finafinan faɗa na Hong Kong suka mamaye silimomin tsakiyar biranen Amurka, sau da yawa ana haɗa su tikiti ɗaya da finafinan baƙaƙe, har Jim Kelly ya fito tare da Bruce Lee a 1973. Irin waɗannan finafinan ne muke kira Chanis, kuma su ma sun cika Plaza a Fage da El Dorado a Sabon Gari a ranakun da ba na Indiya ba, a lokacin da zuwa silima kansa ake ɗaukarsa iskanci a cikin gari. Na taɓa tambayar wani kawuna da ya yi zamanin abin da suke gani a fim ɗin da ba su jin yarensa. Ya ce, "Ɗana, ai ba sai ka ji yare ba. Yaron talaka ne, an kashe malaminsa, an raina shi, ya je ya koyo, ya dawo ya kayar da bos. Mu da muka yini muna dako a Kwari, me kake so mu kalla?" Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan kusa da abin da ya kai mutanen Detroit layi ba.

Batun mata ya fi kowanne rikitarwa. Pam Grier tana aikin amsa waya ne a ofishin American International kafin ta zama tauraruwarsu. A Coffy na 1973 ta fito a matsayin ma'aikaciyar jinya da ke bin dillalan da suka lalata ƙanwarta da ƙwaya tana kashe su ɗaya bayan ɗaya, har ta gano saurayinta ɗan siyasa yana cikinsu. Daraktan Bature ne, kuma kyamararsa ba ta da kunya ko kaɗan, duk inda aka samu dalilin yaga riga sai an yaga. Wannan gaskiya ne, kuma yana sa kallon ya yi nauyi. Amma a wancan lokaci ina wata mace, baƙa ko fara, da ake ba ta fim sukutum ta ɗauka a kanta, ta yi faɗanta da kanta ba tare da wani namiji ya zo ceto ba? Mata baƙaƙe sun je sun kalla, kuma a 1975 mujallar Ms. ta masu fafutukar 'yancin mata ta sa Grier a bangonta. Abin lura kuma, a nan jarumar yaƙar ƙwaya take yi, amma guguwar suka ba ta bambance ba, duk tsintsiya ɗaya aka share su da ita.

Wannan rashin bambancewa shi ya fi yi mini ciwo, domin ya binne ayyukan da suka cancanci a tsaya musu. Bill Gunn an ba shi kuɗi ya yi fim ɗin masu shan jini mai arha, sai ya yi Ganja & Hess, wani abu mai zurfi a kan jaraba da addini da asali. An nuna shi a bikin Cannes na Faransa a 1973 aka yaba, masu sharhin New York kuwa suka yi watsi da shi, har Gunn ya rubuta wa New York Times wasiƙa mai zafi a kan yadda ake raina baƙin mai fasaha. Masu kuɗin suka janye fim ɗin, aka daddatse shi aka sake masa suna. A shekarar kuma Ivan Dixon ya yi The Spook Who Sat by the Door daga littafin Sam Greenlee, labarin baƙar fata na farko da hukumar CIA ta ɗauka don a ce ta ɗauka, ya koyi dabarun yaƙin sunƙuru ya koma Chicago ya koya wa matasa. Ga fim da ke da tsari da jama'a da manufa, duk abin da Bennett ya ce babu a Sweetback. Yana fara ciniki sai ya ɓace daga silimomi cikin 'yan makonni. Greenlee ya rayu yana cewa hukumar FBI ce ta matsa wa masu silima. Kusan shekara 30 sai a kaset na bayan fage ake samunsa. Fim ɗin kawali da dillali bai taɓa rasa allo ba, wannan ne ya rasa.

Zuwa 1975 kasuwar ta mutu. Masu suka sun ɗauka nasararsu ce, amma na fi yarda da bayanin da ke cewa lissafi ne ya sake juyawa. Kamfanoni sun lura baƙaƙe sun yi dafifi wajen kallon The Godfather da The Exorcist, finafinan da babu baƙin jarumi a ciki. Tunda za su zo ko ba a yi musu nasu ba, me zai sa a yi? Sannan Jaws ya zo a 1975 ya nuna cewa fim ɗaya babba zai iya kwashe kowa da kowa. Aka rufe famfo. Finafinan mutunci da aka yi ta fata ba su maye gurbin ba, abin da ya biyo baya kusan shiru ne na shekara goma, in ka cire 'yan barkwanci irin su Richard Pryor da Eddie Murphy, har zuwa fitowar darakta baƙar fata Spike Lee a 1986. Ron O'Neal, mutumin da ya ci lambobin yabo a dandamali kafin Priest, ya ƙare yana karɓar ƙananan rawar mugu. Grier ta koma gefe. Gordon Parks ƙarami ya rasu a haɗarin jirgin sama a Kenya a 1979 yana shirin wani fim.

Sai kuma zamani ya juya. Mawaƙan hip-hop da suka tashi da waɗannan finafinai suka riƙa yanko kiɗansu da shigarsu da sunayensu. Quentin Tarantino ya dawo da Pam Grier a 1997 a fim ɗin da ya gina dominta. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, da ke zaɓar finafinan da za a adana a matsayin kayan tarihin ƙasa, ya shigar da Shaft a 2000, fim ɗin Dixon a 2012, Sweetback a 2020, Super Fly a 2022. Jami'o'i na koyar da su. Na yi murna da wannan, musamman saboda Dixon da Gunn, kuma saboda an daina kallon miliyoyin 'yan kallo a matsayin garken da aka kora.

Sai dai yabon na yau ya fara wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Yanzu abin da ake sayarwa shi ne hula da mota da kiɗa, ana ambaton Griffin da Bennett da Poussaint kamar wasu tsofaffi masu tsattsauran ra'ayi da ba su gane wasa ba. Wannan rashin adalci ne. Mutanen nan sun binne yara, sun ga abin da ƙwaya ta yi wa Harlem, kuma shekaru goma bayan haka sabuwar hodar da ake kira crack ta zo ta tabbatar da cewa tsoronsu yana da tushe. Hoton kawali a matsayin gwarzo da suka yi gargaɗi a kansa bai mutu ba, ya koma cikin waƙoƙi da bidiyo, ya zaga duniya har wayoyin ƙannenmu. Da ni ke shirya sabon bugu na Sweetback, da rubutun Newton da na Bennett duka zan sa a cikin kwalin, cikakku.

Wanda ke son ya gani da idonsa, ina ba shi shawara ya fara da fim ɗin Ivan Dixon, sannan Shaft, sannan Super Fly, kuma kafin ya kunna na ƙarshen ya nemi faifan Mayfield ya saurara shi kaɗai daga farko har ƙarshe. Ban da Shaft da ɗan dama-dama, babu wanda za a kalla da yara a ɗaki, Sweetback kuwa ko babba sai ya shirya.